Muhawara: Masu zanen fuska na Italiya, 1930 zuwa 1960, almajiran Faransa ne?

Malamin Zane: Ni dai na tsaya a kan bakana: zanen fuskar Italiya na wannan zamani daga Faris ya sha nono. Ku dubi rukunin masu zane shida na birnin Turin a 1929, su Carlo Levi da Francesco Menzio, masu zanen Faransa Cézanne da Matisse suka sa a gaba. De Pisis, shi ma mai zanen Italiya, ya zauna a Faris daga 1925 zuwa 1939. Burushinsa gajeren bugu ne cikin sauri, yana barin ƙyallen tsirara a wasu wurare. Hannun Faransa ke nan.

Hajiya Mai Fenti: Malam, ka tsallake Annigoni, mai zanen fuska ɗan Italiya. A 1947 shi da Sciltian da 'yan'uwan nan Bueno suka fitar da sanarwa a Milan suna ƙin sabon salon zane na zamani. Hoton Sarauniya Elizabeth ta Biyu na 1955 da haɗin ƙwai da mai ya yi shi. Irin wannan haɗi ana kaɗa gwaiduwa da man zane, kada man ya zarce gwaiduwar yawa, in ya zarce sai su rabu. Ana shafawa siriri-siriri, shafi kan shafi, mai ƙarancin mai a ƙasa, mai maiƙo a sama. Ka juya tsarin, na sama ya riga na ƙasa bushewa, fuskar ta tsattsage. Ina Faransa a nan?

Malamin Zane: Mutum ɗaya ne, Hajiya, kuma masu sharhin ƙasarsa ma ba su yi na'am da shi sosai ba. Inuwar kore da shuɗi a kumatu fa? Cézanne ne ya gina fuska da facin launi mai ɗumi kusa da mai sanyi.

Ɗalibi: Allah gafarta Malam, koren nan ya girmi Cézanne. Tun wajen 1400 Cennini, mai zanen Italiya, ya rubuta cewa a fara shimfiɗa koriyar ƙasa a ƙarƙashin launin fata. Bambancin a wurin zama yake: na Italiya yana ƙasa yana leƙowa, na Cézanne yana sama, facinsa a fili. A haskaka zanen daga gefe, tudun fentin zai nuna wanne ne.

Hajiya Mai Fenti: Madalla, ɗana. Campigli, wani mai zanen Italiya, ma ya isa misali. Ya je Faris a 1919 a matsayin wakilin jaridar Corriere della Sera, ya ɗauki siffofin Léger da Picasso, masu zanen da ke Faris. Amma a 1928 ya ga kayan tarihin Etruska, wata tsohuwar al'ummar Italiya, a gidan tarihi na Villa Giulia a Roma, sai fentinsa ya koma busasshe kamar shafen bango, launin ƙasa da alli.

Malamin Zane: Na ba ku launin. Ƙirar jikin matan nasa, ƙugu a tsuke kamar kalangu, daga Faris ya zo da ita, kuma har ya rasu a 1971 a Saint-Tropez bai ajiye ta ba.