Neman shawara: mu shida za mu yini a kan babur ta hanyoyin karkara

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu shida ne, muna shirin fita da babura ranar hutu mai zuwa, mu bi ta karkara mu dawo a ranar. Zuwa da dawowa kamar kilomita 220 ne, rabi kwalta, sauran burji da ɗan yashi. Huɗu daga cikin baburan ƙanana ne, masu inji cc 125 zuwa 150, biyu manya. Ɗayanmu bai fi wata uku da fara tuƙi ba, wani kuma zai yi goyo. Me za mu duba kafin mu tashi, me za mu riƙe, kuma yaya za mu jeru a hanya?

Bakanike:
Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ku yi dubawar kwana biyu kafin tafiya, ba da safiyar ranar ba, don in wani abu ya fito a samu lokacin gyara.

Ku fara da taya. A auna iska da geji tun taya na da sanyi, domin in ta yi zafi awon yakan hau ya yaudare ku. Adadin da ya dace yana rubuce a littafin babur ko a wata takarda da aka manna kusa da cen. A ƙananan babura gaba yakan kama tsakanin 25 da 29 psi (ma'aunin iska a geji), baya 29 zuwa 33, mai goyo kuma ya ɗauki adadin sama a baya. A gefen taya akwai lamba huɗu, misali 2321, ma'ana mako na 23 a shekarar 2021 aka yi ta. In ta haura shekara biyar ko shida, ko zanenta na nan, robar ta riga ta bushe, ba ta kama ƙasa yadda ya kamata.

Sai cen. Ka sa yatsa a tsakiyarsa ta ƙasa ka ɗaga, wasansa ya zama milimita 20 zuwa 30, sai in littafin ya faɗi wani abu daban. Ka juya tayar baya ka gwada a wuri uku ko huɗu, saboda tsohon cen wani wurin ya fi wani ɗaurewa, kuma da wurin da ya fi ɗaurewa ake saiti. Mutane sun fi tsoron cen mai sako-sako, alhali wanda aka ɗaure tamau ya fi ɓarna: duk ramin da aka faɗa, shokazoba ta nutse, sai ya finciki boris na giya. Ɗan makullin da ke haɗa cen kuma, rufaffen bakinsa ne zai kalli inda cen ke tafiya. In an sa shi a juye, wata rana zai fice.

Baƙin mai a duba babur na tsaye daidai, minti kaɗan bayan an kashe inji. Kada a zuba man mota, wasu na sa kuloci santsi. A nemi wanda aka rubuta JASO MA a jikin galan. Takalmin birki in bai kai milimita 2 ba a canza. Wayar kuloci a leƙa ta daidai inda ta shiga hannu, in ko zare ɗaya ya tsinke, sauran ma sun kama hanya.

Mai jan ayari:
Ƙanena, lissafin lokaci za ka fara gyarawa. A irin wannan hanya, ayarin babura shida da ƙyar yake wuce kilomita 40 a awa in an haɗa kwalta da burji. Ke nan 220 ɗin nan awa biyar da rabi ne a kan sirdi, ban da hutu, ban da faci. Ka ƙiyasta awa takwas, ku tashi da sassafe, ku ajiye wani lokaci da in ya yi, ko an kai ko ba a kai ba, juyawa za a yi. Ramin da ka gani ka kauce da rana, da daddare sai ka faɗa za ka san yana nan.

Man fetur kuma da mafi ƙanƙantar tanki ake lissafinsa. Kowa ya cika kafin a haɗu, kuma in ƙaramin ya sha rabi, duk inda aka ga mai a tsaya. Burji da yashi sun fi kwalta cin mai saboda ana daɗewa a ƙananan giya.

Jeri kuwa, wanda ya san hanya a gaba, sabon direban nan a bayansa kai tsaye, mai goyo na uku, wanda ya fi kowa ƙwarewa a ƙarshe riƙe da kayan gyara. Kuskuren da aka saba yi shi ne a bar sabo a baya. Duk kwanar da aka sha tazara na ƙaruwa, shi kuma kunya ba za ta bar shi ya ce a jira shi ba, sai ya murɗa totur ya yi gudun da bai iya ba. Manyan baburan biyu su haƙura, gudun ƙananan za a yi.

A miƙaƙƙiyar kwalta ku jeru karkace, wannan ta hagun layi, na bayansa ta dama. Tsakaninka da wanda ke saitinka daƙiƙa biyu, wanda a gudun 60 ya kai kusan mita 33. Da an shiga kwanoni ko hanya ta lalace, a koma layi ɗaya, kowa ya samu faɗin hanya. A mararraba, kada ka karya kwana sai ka ga na bayanka a madubi ya ga inda ka nufa. In kowa ya riƙe wannan, ko babu sabis a waya ba mai ɓata. Obatekin kuma kowa da idonsa zai yi, don na gabanka ya wuce mota ba shi ne ya ce kai ma hanya ta buɗe maka ba.

Mai hawan burji:
Malam, ni kan ƙasa zan tsaya, don nan sabon naku zai sha wuya. A kwalta birkin gaba ne ke yawancin aikin tsayawa, amma a burji in ka damƙe shi, musamman a kwana, tayar gaba za ta zame, kafin ka ce me kana ƙasa. A rage gudu tun babur na miƙe, da giya da birkin baya, na gaba a taɓa shi da yatsa biyu a hankali.

Yashi kuma yana da wayo. Kan babur zai fara rawa a hannunka, zuciya ta ce ka saki totur ka taka birki, to nan ne gaba ke nutsewa. Ka shiga da giya ta biyu, totur a daidai ba ƙari ba ragi, ka ja jiki baya, ka matse tanki da gwiwa, ka sassauta hannu ka bar kan ya yi 'yar rawarsa. Idonka can inda yashin ya ƙare. Abin da ka zuba wa ido shi kake bi, dutse ne ko rami.

A ƙura ku ninka tazara har sai kana ganin ƙasar da za ka taka. Dabba ɗaya in ta tsallaka, ka sa rai wata na biye. Ku ma rage iska sosai kafin shiga yashi, taya ta fi shimfiɗuwa.

Bakanike:
Yallaɓai, a maganar rage iskar nan a yi hattara. Tayar da ke da tiyub in iska ta yi ƙasa sosai, dutse zai matse tiyub da rim ya huda shi wuri biyu, ko taya ta zame a kan rim ta yage bakin bawul, wannan kuwa faci ba ya yi masa magani. Tunda yashin kaɗan ne, kada su rage fiye da 3 ko 4 psi, mai goyo kada ma ya taɓa, kuma a mayar da iska da an hau kwalta.

Kaya a raba, ba sai kowa ya ɗauki komai ba: sifana 8, 10, 12, 14, 17 da wadda ta dace da notin taya, filaya, sukurdireba, sifanar fulogi da sabon fulogi, ƙarfen cire taya biyu, tiyub, kayan faci, famfo, wayar kuloci, makullin cen, fiyus, salatif da igiya. In za a sa sabon tiyub a ɗan hura masa iska tukuna, in ba haka ba ƙarfen zai tsunkule shi a sake aiki.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Akwai wani rafi da babu gada a hanyar, yaya za mu yi da shi?

Mai hawan burji:
Mutum ɗaya ya fara shiga da ƙafa da sanda. In ruwan na gudu da ƙarfi ko ya kusa kai iyakilina, a nemi wata hanya. In ƙasa da tsakiyar taya ne, a shiga ɗaya bayan ɗaya da giya ta farko. Inji in ya mutu a ciki kada a buga kik, ruwa ba ya matsuwa, zai iya lanƙwasa sandar fistin. A turo shi waje, a cire fulogi, a buga kik ruwan ya fita. Bayan an haye a riƙa ɗan taɓa birki har ya bushe.

Ma'aikaciyar jinya:
Yayana, ku sa bandeji, auduga, safar hannu da almakashi a jakar na ƙarshe. Kowa da hular kwano a ɗaure, da takalmi mai rufe idon sawu. Ku tsaya duk bayan awa ɗaya ko ɗaya da rabi ku sha ruwa, don iska na busar da gumi, mutum ba ya jin ƙishi sai kai ya fara sarawa. In wani ya faɗi, ɗaya ya kashe injin, ɗaya ya tare hanya daga nesa. Kada a ɗaga shi da gaggawa, kada a cire masa hula sai in numfashi ya gagara, domin wuya na iya samun rauni bai sani ba. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa. Kafin ku tashi ku bar wa wani a gida hanyar da za ku bi da lokacin da ya kamata ku dawo.