Ɗana bai ci jarrabawar purobatuwar ba: Njamena ko Maiduguri?

Baban Yara, Kusiri:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana harkar makaranta. Ɗana yana ajin kusa da na ƙarshe a lise, wato babbar sakandare ta tsarin Faransanci, kuma bana bai ci jarrabawar purobatuwar ba, wadda sai an ci ta ake shiga ajin ƙarshe, wato taminal, a nan Kamaru. Wasu sun ce in tsallakar da shi gadar Ngeli zuwa Njamena, tunda Cadi ba ta da wannan jarrabawa. Ƙanena da ke Maiduguri kuwa cewa ya yi in tura masa shi ya rubuta WAEC. Abin da ya fi damuna shi ne kada yaron ya yi asarar shekara saboda bambancin azuzuwa da lokacin buɗe makarantu.

Malamar Lise, Marwa:
Wa'alaikumus salam, Alhaji, Allah ya shirya mana zuri'a. Ta fuskar lokaci babu wata matsala babba, domin Kamaru da Najeriya suna komawa makaranta a watan Satumba, Cadi kuma a farkon Oktoba. Matsalar tana ga abin da yaron zai tarar a aji. Sakandaren ɓangaren Faransanci shekara 7 ce, kuma an gina bakaloriya, wato jarrabawar kammala sakandare, a kan karatun shekaru biyun ƙarshe, musamman lissafi da kimiyya ga 'yan sashen kimiyya na C da D. Na sha ganin yaron da ya kauce wa purobatuwar ya zauna a taminal yana kallon allo, malami yana ta rubutu, shi kuwa littafinsa a buɗe amma bai san inda aka dosa ba, saboda tushen da ake ɗorawa a kai bai zauna ba. A ganina, ku karɓi takardar makinsa ku duba darussan da suka kayar da shi. Idan darasi ɗaya ne ko biyu, maimaita ajin ya fi masa alheri nesa ba kusa ba.

Kawun Ɗalibai, Njamena:
Malama ta faɗi gaskiya, sai dai ba na son a ɗauka cewa bakaloriyar Cadi kyauta ce. Hukumar ONECS ce ke shirya ta, kuma ana faɗuwa sosai. Waɗanda makinsu ya kusa kaiwa ne kawai ake ba damar zagaye na biyu. 'Yan Kamaru sun daɗe suna zuwa rubuta ta, da yawa sun ci sun wuce jami'a. Amma Alhaji ya sani cewa idan yaron zai dawo gida da wannan takarda, sai an nemi a daidaita ta da ta Kamaru a ma'aikatar ilimi mai zurfi da ke Yawunde, kuma wannan yana ɗaukar lokaci.

Malamin Turanci, Garwa:
Ni batun Maiduguri ne ya fi tsaya mini a rai. Tsarin Najeriya shekara 6 ne a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babba, saboda haka a lissafin shekaru ɗanka ya riga ya kai SS3, ajin ƙarshe na babbar sakandare. Amma duk karatun da Turanci ne, kuma jami'a tana neman kiredit biyar har da Turanci da lissafi, sannan ga jarrabawar JAMB. Yaron da ya shekara 12 yana karatu da Faransanci, da wuya ya cimma wannan daga Satumba zuwa Mayu, lokacin da ake rubuta WAEC, sai dai a mayar da shi SS2. Ka ga shekarar da ake gudun asararta ta tafi ke nan. Da a ce Kenya ce ko Afirka ta Kudu, inda ake fara shekarar karatu a Janairu, ko Japan da ke farawa a Afrilu, da an sami 'yan watannin koyon harshe kafin a shiga aji. Tsakaninmu da Najeriya babu wannan rata.

Baban Yara, Kusiri:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba takardar, lissafi ne da fizik suka ja shi ƙasa. Zan zauna da shi da mahaifiyarsa a kan batun maimaita ajin. Malama, shin darasin hutu a Agusta zai wadatar, ko sai na ɗaukar masa malamin gida har ƙarshen shekara?