Neman kalmar Hausa: gwajin da ake yi wa direban da ake zargin ya sha ƙwaya

Assalamu alaikum, 'yan uwa mazauna Makka da Jidda. Wani ƙanena da ke jigilar alhazai tsakanin Makka da Madina ya tambaye ni sunan da za mu ba gwajin da 'yan sandan hanya suke yi wa direban da suke zargin ya sha ƙwaya, domin mu nan kowane irin gwaji "fahas" muke ce masa, wato bincike da Larabci, daga na mota har na asibiti.

A Amurka, inda aka tsara shi, matakai 3 ne. Ɗan sanda yana sa direba ya bi ɗan yatsa ko alƙalami da ido ba tare da juya kai ba, don ya ga ko ƙwayar idon tana fizga. Sannan direban ya yi taku 9 a kan miƙaƙƙen layi, diddige na taɓa yatsu, ya juyo ya maimaita, daga nan ya tsaya da ƙafa ɗaya na daƙiƙa 30. Ana buƙatar wannan ne saboda na'urar da ake hura wa iska barasa take ganewa, ba ta san miyagun ƙwayoyi irin su kaftagon ko shabu ba.

Wani dattijonmu ya kawo "gwajin maye". Ina girmama ra'ayin Baba, amma ban gamsu ba, saboda sunan ya yanke hukunci tun kafin a gama bincike. Direban da ya kwana biyu bai runtsa ba a lokacin aikin Hajji, ko mai ciwon sukari da sukarinsa ya faɗi, yana iya yin tangaɗi a kan layin nan alhali bai taɓa sa ƙwaya a baki ba, kuma irin waɗannan bayin Allah suna da yawa a cikinmu. An kuma kawo "gwajin hayyaci", sai dai mai ƙwaya yakan san sunansa da inda za shi, ko da kuwa jikinsa ba ya yi masa biyayya.

Shawarata ita ce "gwajin natsuwa", domin abin da ɗan sandan yake dubawa ke nan: natsuwar ido, ta ƙafa da ta hankali. Kalmar "awo" kuwa mu bar ta ga abin da na'ura ke tabbatarwa, wato awon jini, awon fitsari, ko awon yawu irin wanda 'yan sandan Ingila suke yi a bakin hanya tun 2015 don gano tabar wiwi da hodar iblis. Malamai da direbobinmu, idan kunnenku bai karɓi "gwajin natsuwa" ba, ku kawo wadda ta fi ta.