Ƴata na son komawa aikin Peace Corps, ku ba ni shawara

Maman Ummi: Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da shan ruwa. Don Allah shawara nake nema, kwana uku ban yi barcin kirki ba. Ƴata ta fari nan Bronx, a birnin New York, na haife ta, tana gama jami'a ta shiga Peace Corps, shirin aikin sa kai na gwamnatin Amurka a ƙasashen waje, aka kai ta wani ƙauye a arewacin Gana tana aikin lafiya, har Dagbanci ta fara ji, kullum sai ta turo min hoton tuwon da ta tuƙa da hannunta. Watan Maris na 2020 korona ta shigo aka kwaso su kaf, kusan mutum 7,000, ta dawo da jaka ɗaya, ko sallama ba ta samu yi da matar da ta riƙe ta ba. Shekara guda ke nan tana ɗaki. Yanzu an ba su izinin aiki nan cikin Amurka tare da FEMA, hukumar agajin gaggawa ta Amurka, a wuraren allurar rigakafin korona, wata uku, a Mayun 2021 za a fara, ta ce ta riga ta cike takarda. In hana ta ko in bar ta?

Hajiya Babba: Hana ta, ƙanwata, ba wani dogon zance. Aikinsu na ƙasashen waje ne tun 1961, me ya kai su na cikin gida? Ki zaunar da ita ta nemi aikin albashi, ta yi aure.

Anti Nas: Hajiya ai ba yau aka fara ba, lokacin guguwar Katrina a 2005 ma an tura su. Ni a asibiti nake, wallahi hannu muke nema, mutanenmu da yawa tsoron allurar suke, in sun ga ƴarsu mai jin Hausa hankalinsu zai kwanta.

Ƴar Maraɗi: Mu a Nijar tun 2011 suka tafi. Wadda ta zauna garinmu Hausa tsaf a bakinta, ita ta riƙa auna mana yara, har yau tsohuwata na tambayarta. Sai in abu ya taɓa ƙasarsu ake gaggawa.

Hajiya Babba: Na faɗa miki. Ɗan ƙanena haka ya yi ta aikin sa kai, yau shekararsa 34 ba mata ba gida. Shi babanta me ya ce?

Maman Ummi: Hajiya ni ban yi nadamar barinta ta je Gana ba, can ta koyi haƙuri da girki. Cutar kawai nake jin tsoro, ga shi ina da ciwon suga.

Anti Nas: An yi mata allurar ita? Ke fa, Maman Ummi?

Hajiya Babba: Ba ki amsa min maganar babanta ba.

Maman Ummi: Bari in sauke kunu, an kusa kiran salla.