Gida bai ƙoshi ba: gardamar tafiyar Nura Baga Sola

Zauren WhatsApp na 'yan unguwar Hausare, Garwa a ƙasar Kamaru, daren Alhamis bayan isha'i.

Kawu Garba: Assalamu alaikum. Ƙara na kawo, kuma wanda nake ƙara yana cikin zauren nan yana karantawa. Nura ɗan ƙanwata ya same ni jiya a shago, wai zai tafi Cadi, sansanin 'yan gudun hijira na Dar es Salam da ke kusa da Baga Sola, ya koyar da yara wata tara a matsayin ɗan sa-kai. Ba albashi, sai ɗan kuɗin cefane da wata ƙungiya za ta riƙa ba shi. Abin da na faɗa masa shi zan maimaita a nan: duk malamin da ya bar ajin garinsu ba malami ya tsallaka wata ƙasa koyarwa kyauta, ba yaran can ya je wa ba, kansa ya je yi wa tanadi. Gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Wanda ya ga ba haka ba, ya fito.

Sagir: Wa'alaikumus salam. Kawu, ai ka yanke hukunci tun ba a shimfiɗa tabarmar shari'a ba.

Nura: Kawu, barka da dare. Gidan da ake cewa bai ƙoshi ba, ni ma a cikinsa nake kwana da yunwa. Shekara uku ke nan da na fito daga ENIEG, makarantar horon malaman firamare, da takardar malanta ta CAPIEMP. Tun daga lokacin nake koyarwa a wani ƙauye bayan Pitoa, malamin da iyayen yara ke biya, jaka ashirin da biyar na sefa a wata, shi ma sai an sayar da auduga. Bara wata huɗu ban ga ko dala ba. Na kai dosiye, wato takardun neman aiki, har na gaji, matrikil, lambar ɗaukar ma'aikacin gwamnati, shiru. In aikin kyauta ne, ai na daɗe ina yin sa a gida, ba wanda ya kira shi sa-kai.

Kawu Garba: To ka gani, da bakinka. Yunwa ce ta kore ka, ba tausayi ba.

Nura: Duka biyun ne, Kawu. Yaran sansanin nan akasarinsu 'ya'yan mutanen Baga da Doron Baga ne da suka tsallaka tafkin Cadi bayan harin Boko Haram na Janairun 2015. Masunta ne, da Hausa da Barbarci suke magana. Makarantar kuwa tsarin Cadi take bi, Faransanci da Larabci. Ka ɗauki yaro ɗan shekara bakwai, bai taɓa jin kalmar Faransanci ba, ka zaunar da shi gaban malamin da aka turo daga Mundu ko Sar, wanda ba ya jin Hausa ko ta sayen gishiri. Me za su ce wa juna? Ni ina da Hausa, ina da Faransanci, na san yadda ake tsallakar da yaro daga wannan zuwa wancan, don ni ma haka aka tsallakar da ni.

Darakta Isiyaku: Garba, bari in sa baki, tunda alli ya ci min hannu shekara talatin da wani abu. Maganarka da gaskiya a ciki, amma ka yi mata kuɗin goro. Na ga 'yan sa-kai iri biyu. Muna lise, wato sakandare, a Marwa an kawo mana wani Ba'amurke na Peace Corps, shirin da Kennedy ya kafa a 1961, suka fara zuwa Kamaru a 1962. Shekara biyu cur ya yi da mu. Ya koyi Fulatanci, yana cin ƙosai a bakin titi, yana hawan keke kamar kowa. Ɗan Ingilishin da nake taɓawa har yau nasa ne. Daga baya ina darakta aka turo min wasu, sati shida suka yi. Suka fenti aji ɗaya, suka ɗauki hoto da yara, suka koya musu wata waƙa, suka tafi. Sai da muka yi wata guda muna dawo da yaran kan karatunsu. Na farkon shi ma ya amfana, na tabbata ya koma gida ya sami aiki da sunan ya zauna a Afirka. To sai me? Ya bar mana abu a ka. Tambayar ba wa ya amfana ba ce, wa ya yi asara ita ce.

Kawu Garba: Yauwa Darakta. Wa ya yi asara? Yaran ƙauyen bayan Pitoa. Su nawa ne a ajinka, Nura?

Nura: Tamanin da shida a rajista. Masu zuwa kullum ba su kai sittin ba.

Kawu Garba: Sittin ɗin wa ka bar wa?

Sagir: Nura na ta rubutawa yana gogewa, ina gani.

Nura: Akwai wani yaro ɗan garin mai BEPC, takardar ƙaramar sakandare, shi iyayen ke shirin ɗauka.

Kawu Garba: Mai takardar malanta ya tafi dawa, mai BEPC ya riƙe gida. Ban ƙara komai ba.

Ummi: Baba, ina yini. Ka yi haƙuri in yi magana, ni ce a Njamena, kuma ƙanin maigidana malamin al'umma ne a wani ƙauye ta wajen Masakori, irin waɗanda ƙungiyar iyaye ke biya. Nura taubashina, ba don tsokana ba, akwai abin da ba ka faɗa ba. Kuɗin cefanen nan nawa ne?

Nura: Jaka saba'in suka ce, da wurin kwana.

Ummi: Ka ji. Ƙanin maigidan nan wani lokaci da gero ake biyansa. Shi ɗan ƙasa, shekararsa goma a aji, a kira shi malamin al'umma. Kai baƙo, ka zo da abin da ya ninka nasa, a kira ka mai aikin kyauta. Kana tsammanin za su tarbe ka da guɗa? Kuma kar ka ɗauka babu masu jin Hausa a makarantun sansani. A cikin 'yan gudun hijirar akwai waɗanda malamai ne tun a Borno. Hausarsu ta fi taka, su suka san wane yaro ne ya ga gawar ubansa. Abin da ba su da shi Faransanci ne da takardar da Cadi ta yarda da ita. In ka je ka karɓi aji, wataƙila kujerar ɗayansu ka hau.

Sagir: Kai! Taubashiya ta fi Kawu zafi.

Anti Hadiza: Ummi ta taɓo inda yake min ciwo. Na yi aikin asibiti a Minawawo, sansanin da aka buɗe a 2013 ta wajen Mokolo, kuma na ga abin nan da idona. Mai zuwa daga waje yana da mota, yana da ranar hutu, in hankalinsa ya tashi ya koma gida. Malamin da ke cikin sansani ba shi da inda zai koma. Amma Yaya Garba, wannan ba ta goyi bayanka ba. Kai cewa ka yi kar a je. Mu cewa muke in za a je, a san me aka je yi. Ni da zan ba Nura shawara, ya riƙe aji da safe, da yamma ya zaunar da malaman nan ya koya musu Faransanci da shirya darasi. Wata tara kaɗan ne ga yaro, amma ga babban da ya riga ya iya koyarwa, abu ne mai yawa.

Darakta Isiyaku: Hadiza, wannan ita ce maganar. Cadi ma ta taɓa shiga irin wannan a gabas. Sansanonin mutanen Darfur, su Farshana da Birejin, sun yi shekaru suna karatu da tsarin Sudan, sai a 2014 aka mayar da su tsarin Cadi. Ba baƙi aka kwaso aka cika azuzuwa da su ba, malaman 'yan gudun hijirar aka sake horarwa. Yanzu kuma tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023, dubun dubata sun shigo ta Adre, hankalin masu bayar da kuɗi ya karkata can. Shi ya sa nake jin tsoro wa Nura ta wata fuskar: jaka saba'in ɗin nan a rubuce take ko a baki?

Nura: A waya muka yi magana, Darakta. Sun ce in na isa Bol za a sa hannu.

Darakta Isiyaku: A'a, ɗana. Daga Garwa zuwa Marwa, ka bi Mora, Waza, Dabanga a kan wannan hanyar da ka sani, ka tsallaka gadar Ngeli daga Kusuri, ka wuce Masakori har Bol, sannan ka ga takarda? In ka je suka ce kuɗi bai sauka ba fa? Ni an taɓa yi min haka a wani horo, wata biyar ina bin bashin kuɗin mota.

Sagir: Ni tambayata ɗaya. Yaran nan wata rana Borno za su koma. An kwashe na Minawawo zuwa Banki da Bama a 2021, muna gani. Can Ingilishi ake yi. Faransancin da Nura zai sha rana yana cusa musu, a Kukawa za su ci shi?

Nura: Sagir, yaron da ya iya haɗa baƙi da wasali ya iya ke nan, harafin boko ɗaya ne. Lissafi kuma ba shi da ƙasa. Sannan wanda aka haifa a sansani a 2015 yau ya girma. A ce ya jira ranar komawa kafin ya koyi rubuta sunansa?

Sagir: Na karɓa. Wannan ka ci ni.

Baba Alhaji: Jikana ke rubuta min, ku yi haƙuri da jinkiri. Garba, kai ɗan Hausare ne, kuma Hausare baƙi suka kafa ta. Malamin da ya koya min Ishiriniya mutumin Zariya ne, hanyar Makka ya biyo da ƙafa, irin masu bi ta Fort Lami, wato Njamena ta yanzu, da Abeshe su shiga Sudan. Ya yada zango a nan don damina ɗaya. Da mutanen Zariya sun riƙe shi da cewa gida bai ƙoshi ba, da mu muka tashi jahilai. Ba wanda ya tambaye shi me zai samu, ana kai masa sadakar Laraba yana ci, ba a ce don kansa ya zo ba. Najeriya ma tun 1987, zamanin Babangida, take tura malamai da likitoci ƙasashen Afirka shekara bibbiyu, alhali makarantunta ba su ƙoshi ba. Sai dai Nura, ka ji ƙarshen labarin. Malamin nan bai tafi ba sai da almajiransa uku suka buɗe nasu zauren. Damina ɗayan ta zama shekara ashirin da bakwai. A nan muka binne shi.

Ummi: Baba Alhaji, kar ka sa Goggo ta suma, ɗanta ɗaya namiji.

Kawu Garba: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Amma malamin Baba bai baro aji da yara sittin a Zariya ba, kuma bai zo neman takardar shaida ba. Nura, tsakaninka da Allah, takardar da za su ba ka a ƙarshe ba ta cikin lissafinka?

Nura: Tana ciki, Kawu. Ina so in sa ta a dosiye. Wanda ya yi aiki da ƙungiya ana duba shi da wani ido daban, kowa ya sani. Ba zan yi maka ƙarya ba.

Kawu Garba: To ban janye ba.

Anti Hadiza: Yaya Garba, kai da ka je Dubai saro kaya, don Larabawa ka je? Amma mu da muka sayi atamfar ba mu yi asara ba.

Kawu Garba: Ni ban ce sa-kai na je ba, Hadiza. Fatauci na kira shi. Shi ma ya kira nasa ci-rani, mu rabu lafiya.

Darakta Isiyaku: Ku bar faɗan suna. Nura, gobe ka kira su. Su turo takardar ta waya tun kana nan, kuma ka tambaye su ajin da za ka riƙe yanzu wa ke riƙe da shi, kuma ina zai koma in ka zo. Yaron nan mai BEPC kuma, makaranta sai Satumba, kana da sati biyar. Ka zauna da shi, ka bar masa littafin shirin darasinka. In ka kawo shi Marwa ni ma zan duba shi.

Nura: Zan yi, Darakta. Na gode. Kawu, kuɗin motar fa?

Kawu Garba: Ka zo shago bayan Juma'a da takardar a hannu, in ga sa hannu da hatimi. Ban ce zan bayar ba.

Ummi: In dai ka taho, ka sauka wurinmu a Njamena. Ka ce wa Goggo ta ƙullo min daddawa da kuka, ta nan ba ta da ƙamshi.