Idan mabuɗin AWS ya faɗa GitHub

Ga abin da na tattaro daga wata muhawara kan abin da ya kamata a yi idan mabuɗin AWS (lambar sirrin shiga asusunka na hayar kwamfutocin Amazon) ya fita fili a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu.

1. Baki ya zo ɗaya: a soke mabuɗin nan take a IAM (sashen AWS mai kula da izinin shiga), a yi sabo. Goge fayil ɗin da mabuɗin ke ciki bai isa ba, yana nan daram a tarihin Git (manhajar da ke ajiye duk canjin da aka yi wa aikin).

2. A duba CloudTrail, sashen AWS mai ajiye bayanan ayyukan da aka yi a asusunka na kwana 90, a kuma leƙa kowane yanki na duniya da AWS ke da kwamfutoci. Ɓarayi sukan kunna manyan kwamfutoci inda ba ka taɓa shiga ba, su haƙi kirifto da kuɗinka.

An rabu kan share mabuɗin daga tarihin Git da manhajar git filter-repo. Wasu sun ce wajibi ne. Wasu kuwa sun ce tunda mabuɗin ya mutu, wahalar da abokan aiki ce kawai, don sai kowa ya sake sauko da aikin. Ni dai ina bayan na biyun.