Sati uku aka ba ni: in yi sauri ko in tsaya in kyautata aikin?

Ɗan Argungu: Salamu alaikum. Mai injin casar shinkafa a Birnin Kebbi na son manhajar lissafin buhuna da bashin dillalai kafin kaka. Sati uku ya ba ni, da PHP (yaren rubuta manhaja) da MySQL (rumbun ajiye bayanai). In na rubuta gwajin tabbatar da manhajar na aiki daidai ga kowane sashe, sai sati shida. Me ake iya ɗagawa?

Na Yauri: Ka koma Flutter, kayan gina manhajar waya, kawai.

Malamin Jega: Ƙanena, kwalliyar shafi da rahoton wata su jira. Kuɗi ba sa jira. Ka ajiye su a kobo, lamba cikakkiya, kada ka sa FLOAT, wato nau'in lamba mai ɗigo, don a can 0.1 da 0.2 ba sa ba da 0.3 daidai. Fitar buhu da rubuta bashi su shiga tare ko su fasa tare. In wuta ta ɗauke a tsakani, buhu ya fita, bashi bai hau kan kowa ba.

Hajiyar Aliero: Abin da ya ci wani shagon albasa a nan ke nan. An haɗa musu manhaja cikin kwana goma, ba kwafin ajiya ko ɗaya, kowane yaro na shiga da kalmar sirri guda. Yaro ya goge dillali ɗaya, bashinsa duka ya bi shi. Aka kori akawu da sunan sata, alhali bai ɗauki sisi ba! Kada a bari a goge komai, a sa alama kawai, da sunan wanda ya taɓa.

Na Yauri: Hajiya, ko manhajar ma albasa ta sa ta kuka.

Hajiyar Aliero: Yaro, mutum ya rasa abincinsa fa.

Ɗan Argungu: Naira dubu 250 muka yi. Gwajin fa?

Na Yauri: Dubu 150 ma ana yi.

Malamin Jega: Ƙasa da dubu 600 ba ya ɗaukar gyaran bayan miƙa aiki. Gwaji uku kacal ka rubuta: sayarwa, biyan rabin bashi, mayar da kaya.

Na Yauri: Malam koyarwa kake yi, mu ke fama da 'yan kasuwa.

Bagusau: Duk kun manta da sabis. A Satumbar 2021 aka rufe layukan waya a Zamfara, duk manhajar da ta dogara da intanet ta tsaya cak. Sa SQLite, ƙaramin rumbun bayanai da ba ya buƙatar intanet, a kwamfutar wurin, ta tura bayanan in sabis ya dawo.

Hajiyar Aliero: Ka dai karɓi rabin kuɗinka tukuna. Alhazan nan da sun ga allo na aiki, cikon sai "bayan an sayar da shinkafa".

Na Yauri: Wannan kam gaskiya ne. Wa ke da takardar yarjejeniya da Hausa?